Aikin da Ake Yi Kafin a Hau Mumbari

Murya mai ƙarfi ba ta da wuyar samu a majami'u. Daga Jos zuwa Kafanchan, daga Numan zuwa Wusasa, ranar Lahadi za ka tarar da masu wa'azin da ko wuta ta ɗauke, na bakin ƙofa zai ji su tar. Wanda ke da wuyar samu shi ne mutumin da zai buɗe Littafi Mai Tsarki ya faɗi abin da nassi ya faɗa, bai ƙara gishiri ba, bai kuma ɓoye mai ɗacin ba, har tsohuwar da ba ta yi boko ba ta koma gida ta gane. Wannan gwaninta ce babba, kuma yawancin aikinta ana gama shi ne tun ba a kaɗa ƙararrawa ba.

Gwanin wa'azi ba ya jiran daren Asabar, don ya san ba a fafe gora ranar tafiya. Tun farkon mako yake zama da nassinsa. Idan aya ɗaya zai yi magana a kai, sai ya karanta surar duka, wani lokaci ma wasiƙar gaba ɗaya, yana tambaya: wa ya rubuta, su wa aka rubuta wa, wane hali suke ciki? Ɗauki Filibiyawa 4:13, wadda ake rubutawa a jikin motoci da bangon shaguna, ɗalibai kuma su riƙe ta lokacin jarrabawa. Bulus yana ɗaure ya rubuta ta, yana gode wa mutanen Filibi saboda gudummawar da suka aiko masa. A ayoyin da suka gabace ta yana cewa ne ya koyi zama da ƙoshi, ya koyi zama da yunwa. Mai gaggawa zai ce wa jama'a duk abin da suka sa gaba sai sun samu. Wanda ya yi aikinsa kuwa zai nuna musu cewa Almasihu yana ba da ƙarfin jimrewa ko an samu ko an rasa, kuma wannan ne zai amfani manomin da fari ya cinye wa gona.

Haka Irmiya 29:11, ayar alkawarin alheri da kyakkyawar makoma. Wasiƙa ce zuwa ga Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila, kuma aya ɗaya kafin ita an gaya musu sai shekara 70 ta cika. An ce su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure a can. A sura ta 28 akwai wani Hananiya da ya yi albishir cewa cikin shekara 2 komai zai wuce. Maganarsa ta fi daɗin ji, amma ƙarya ce. Fasto da ya san wannan labari da wuya ya tsaya gaban marar lafiya ya yanka masa ranar warkewa, balle ya ce sai ya "shuka iri" da kuɗi tukuna.

Bayan nan sai ya gwada abin da ya fahimta da sauran Littafin. Bulus ya nanata cewa ceto ta wurin bangaskiya ne, Yakubu kuma ya ce bangaskiyar da babu ayyuka matacciya ce. Gwani ba ya jefar da ɗaya don ya huta, yana nuna yadda suka haɗu. Yana kuma sane da cewa ba shi ne farkon mai karatu ba. Ariyus mai wa'azi ne da ya yi farin jini a Iskandariya, ayoyi kuma yake jawowa, amma koyarwarsa cewa Ɗan Allah halitta ne ta tayar da rigimar da sai da shugabannin ikilisiya suka taru a Nikiya a shekarar 325 suka ƙi ta. Jawo aya kaɗai ba ya wanke mutum.

A ƙasar nan, sunan da ba a tsallakewa a wannan fage shi ne Byang Kato, ɗan Kwoi a kudancin Kaduna, wanda aka haifa a 1936. Ya riƙe muƙamin babban sakataren ECWA, ya yi digirin digirgir a Dallas ta Amurka, a 1973 kuma ya zama babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska. Damuwarsa ita ce majami'u suna cika da mutane alhali koyarwa ba ta da zurfi, don haka ya dage a kan a horar da fastoci sosai. Ya rasu a ruwa kusa da Mombasa a 1975 yana da shekara 39. Wasu masana, irin su Kwame Bediako na Ghana, sun ga ya tsananta wa al'adun gargajiya, kuma muhawarar ba ta mutu ba. A ganina dai, gargaɗinsa ya fi dacewa da yau fiye da zamaninsa.

Kada a ɗauka sahihiyar koyarwa na nufin wa'azi busasshe. Akwai sababbin fitowa daga makarantar tauhidi da ke zuba wa mutanen ƙauye Helenanci har barci ya kwashe rabin zumuntar mata. Wannan nuna ilimi ne kawai. A Nehemiya sura 8, Ezra ya karanta Attaura, Lawiyawa suka bi jama'a suna fayyace ma'ana, mutane suka tashi da murna don sun fahimta. Gwani yana barin tulin littattafansa a gida, ya zo da magana ɗaya bayyananniya da misalin da jama'arsa suka sani.

Sauran aikin yana hannun masu sauraro. An yabi mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17 saboda kullum suna bincika Nassosi su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Cikakken Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, yanzu ma har a waya ana samunsa. Ranar Lahadi mai zuwa, idan fasto ya ambaci aya, ka buɗe ka karanta ta sama da ta ƙasa da ita. Mai wa'azi na ƙwarai zai yi murna da haka.