Alamar Tambaya Mai Mamaki: Muna Bukatarta?

A ajinmu na yaƙi da jahilci, nan Mai Yara, mun koyi alamomi huɗu: aya (.), waƙafi (,), alamar tambaya (?) da alamar motsin rai (!). Ran nan wani dattijo ya ce mini: "Malam, in ina tambaya kuma ina mamaki, wacce zan sa?"

To, akwai wanda ya riga shi wannan tunani. A shekarar 1962, wani mutumin Amurka mai suna Martin Speckter, shugaban wani kamfanin talla, ya ɗora alamar motsin rai a kan alamar tambaya, suka zama guda. Ga ta: ‽ Ya raɗa mata suna intarobang. A 1968 kamfanin Remington ya sa ta a wasu tafiretocinsa. Ba a daɗe ba yayinta ya wuce. Yau tana cikin kwamfuta, amma ba kasafai ake ganinta ba.

Dabarar tana da amfani. A ce ɗan ci-rani ya rubuto wa ƙanensa daga Kano: "Ka sayar da geron tun kaka?" Wannan tambaya ce kurum. In kuwa da mamaki ya faɗe ta, to faɗa ne. Idan mai karanta wasiƙa bai gane muryar ba, sai ya haɗa wa da ƙane rigima, ko ya ɓoye faɗan da aka aiko.

Amma ni na ga aibi biyu gare ta. Na farko, da alli ko biro zanen biyu kan cakuɗe, sai ka ce kuskure aka yi aka gyara. Na biyu, alamar da mai karatu bai sani ba, ba ta gaya masa kome.

Ga shi kuma Hausa ba ta rasa nata kayan aiki ba. Muna da "haba", da "ashe", da "wai". Ku duba: "Haba Ali, ashe har ka sayar da geron?" Wa zai karanta wannan bai ji mamaki ba? Da tsohuwar zuma ake magani.

Saboda haka shawarata ita ce: ku san wannan alama, don kada ta ruɗe ku in kun gamu da ita. Amma a wasiƙarku ku sa "haba" ko "ashe", ku rufe da alamar tambaya. In abin ya yi zafi ƙwarai, ku jera biyun haka: ?!

Kowa ya rubuta jimla uku irin wannan, ya kawo aji. Allah ya ƙara basira, amin.