Arewa da arewa: Matsalar Babban Harafi

Doka tana arewa da kogin Kaduna. A nan shiyya kurum ake nufi, saboda haka ƙaramin harafi ya wadatar. Amma ita ce hedkwatar Kaduna ta Arewa, wannan kuwa suna ne, tilas a ba shi babba, kamar yadda Turanci yake yi.

Inda wasu masu fassara suke tuntuɓe shi ne kudu. Sukan haɗa Kaduna ta Kudu, mai hedkwata a Maƙera, da Kudancin Kaduna, ƙasar su Kafanchan da Kagoro. Dukkansu babban harafi gare su. Ginin kalmar ne ya raba su. In aka kuskure shi, sai rikicin Kafanchan ya koma Maƙera a zuciyar mai karatu.