Kamanci a Akwatin Rediyo: Bin Sawun Wata Murya ta Yarinta

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa, waiwaye adon tafiya. Wannan 'yar maƙala za ta yi ƙoƙarin bin sawun wani abin raha da muka ji a rediyo muna yara a Maruta, wajajen 1989, lokacin garin yana cikin Jihar Kano, kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Abin da ya rage mana a ƙwaƙwalwa bai wuce uku ba: muryar mutum guda yana rangaɗa karatu kamar malami a zaure, kalmomin tuwo da miya da nama a wurin da ake jiran jin Larabci, sai kuma dariyar iyayenmu da ke zaune a tabarma bayan sallar isha'i. Sunan mai yin abin ya ɓace mana. Tambayar ita ce: ta yaya manazarci zai gano fasahar da ya manta sunan mai ita?

Tankaɗe da Rairaya

Da farko zatonmu ya tafi ga Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, domin shi ne abin dariyar da ya fi shahara daga Kaduna a wancan zamani. Amma zubi da tsarin Samanja na wasan kwaikwayo ne, mai 'yan wasa da yawa, kuma raharsa ta dogara ga gurɓatacciyar Hausar bariki da tsawar soja. Abin da muka ji murya ɗaya ce, Hausarta kuwa tsantsa.

Daga nan sai muka duba Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Lalle yana kwaikwayon muryar miji da mata, kamar a waƙarsa ta Jawabin Aure. Sai dai kuntigi ba ya rabuwa da muryarsa, kuma jigonsa gyaran hali ne. Haka nan muka kawar da 'yan gambara, saboda su ba-ni-in-ba-ka suke yi da juna, da habaici da batsa, abin da iyayenmu ba za su bari yara su zauna su saurara ba.

Saura 'yan kama. Waɗannan su ne masu ɗaukar abin da jama'a suka sani sarai, ko karatun malamai ko wa'azi ko waƙar wani fitaccen makaɗi irin su Mamman Shata, su bar karin muryar yadda take, su zubar da kalmomin, su cusa zancen abinci. Da muka kwatanta wa wasu dattawan garinmu abin da muke tunawa, ba su yi wata-wata ba suka ce kamanci ne, suka kuma ambaci Malam Ashana, wanda sunansa ya yi fice a wannan sana'a.

Abin da Mantuwa ta Koya Mana

A nan ne darasin nazarin yake. Dalilin da ya sa muka riƙe kari muka manta kalmomi shi ne, kamanci a kan karin yake tsaye. Ɗan kama ba ya ba da dariya sai mai sauraro ya san asalin abin da ake kwaikwayo. Iyayenmu sun san karatun zaure, don haka kowace kalma ta abinci ta faɗo musu a inda suke jiran wata daban, sai dariya ta kece. Mu kuwa yara sautin kawai muka kama. Bisa ga haka, kamanci sharhi ne a kan wani adabi: yana tona kwaɗayin ɗan Adam da ke ɓoye ƙarƙashin rawani, ba tare da ya kama sunan kowa ba.

Abin takaici, wani Bature, C.G.B. Gidley, ya yi rubutu a kan 'yankamanci tun 1967, Graham Furniss kuma ya taɓo shi a littafinsa na 1996 kan adabin Hausa, amma a zaurukan marubutanmu raha ta zama 'yar bora. Mun fi son a gan mu muna zancen waƙoƙin fada da na wa'azi, kamar dariya ba adabi ba ce.

Kammalawa

Muna kira ga 'yan ƙungiya da masu sha'awar rubutu da abu biyu. Na ɗaya, duk wanda ya tuna wani abu rabi da rabi, ya fara da tantance sigarsa: murya nawa, wane kiɗa, wane jigo, sannan ya nemi suna. Na biyu, kaset yana lalacewa, dattawan da suka saurara kuma suna ƙarewa. A je a zauna da su, a naɗi muryarsu ko da wayar hannu ce, a rubuta. In muka yi sake, jikokinmu ko karin ma ba za su gada ba. Allah ya sa mu dace, amin.