Gani da Ji: Sharhi a kan Ra'ayin Ian Ritchie

A shekarar 1991 aka buga maƙalar Ian Ritchie cikin littafin da David Howes ya tsara a Toronto, inda ya nuna cewa hanyoyi biyu kaɗai Bahaushe ya sani na riskar abin da ke kewaye da shi, wato gani da ji. Hujjarsa a fili take. Mutumin Tajaye ko na Birnin Ƙonni yakan ji kiran salla, ya ji sanyin hunturu, ya ji yajin albasar Galmi, ya ji ƙamshin suya, kuma da wannan aikatau ɗin ne yake jin Faransanci.

Wannan rabo ba baƙo ba ne ga masana falsafa. Malaman addinin Jain na ƙasar Indiya, cikin littafin Tattvartha Sutra na Umasvati, sun ware ido daban, domin shi ba ya haɗuwa da abin da yake riska. Kunne da hanci da harshe da fata kuwa sai abu ya iso gare su. Waɗannan huɗun su ne daidai gonar "ji". Sai dai su sun ajiye zuciya tare da ido, alhali Bahaushe ya ba kunne fahimta.

Inda muka rabu da Ritchie shi ne ƙidayar aikatau da ya mai da ƙidayar sani. Malaman Jain sun bambanta sanin da gaɓoɓi ke kawowa, mati, da wanda kalma ke ɗauke da shi, shruta, suka ce na farko ke gabatar na biyu, amma ba su ce kalma ta ƙure shi ba. Wanda ke da saurara da sansana da ɗanɗana da taɓa, wanda ya raba wari da ɗoyi da ƙarni da ƙauri, ya raba ɗaci da bauri, ba za a ce hanci da harshe sun cakuɗe masa ba. A sunaye rarrabewar take, shi kuwa marubucin ya fi sa ido ga aikatau.

Lamarin ya shafi masu tsara littattafan yaƙi da jahilci. In an fassara darasin gaɓoɓi biyar daga Faransanci aka ce fata "tana ji", kunne ma "yana ji", manomin Malbaza bai ƙaru da kome ba. A haɗa kowace gaɓa da nata sunayen, a kuma karɓi "na jiya" ta Hausar yamma in ɗalibin Illela ya rubuta ta.