Akwatin Jimmy da Bencin Babana

Babana bai taɓa ba ni labarin fim ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Abin da ya riƙe na silimar Maraɗi shi ne bencin da suke zama, da doguwar katanga, da sama a buɗe babu rufi. In hadari ya taso, ido ɗaya na kan allo, ɗaya na kan gajimare. Sai kuma laƙabi. Akwai abokinsa da har yau ban san sunansa na yanka ba, Django kowa ke ce masa, har jikokinsa. Inna kuwa ba ta taɓa shiga ba, wai 'yar mutunci ba ta zuwa silima. Ta bayan katanga ta haddace waƙoƙin Indiya.

Sai kwanan nan na kalli Le Retour d'un aventurier, fim ɗin da Moustapha Alassane ya yi a 1966. Labarinsa gajere ne. Jimmy ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Suka sa malfa, suka rataya bindiga, suka canza suna: wannan Black Cooper, wancan Casse-Tout, Zalika Souley ta zama Reine Christine. Daga nan suka addabi ƙauyensu da sata da faɗa.

Mutane da yawa suna ɗaukarsa fim ɗin ban dariya, musamman inda kaboyi ke sukuwa a dajin da raƙuman dawa ke kiwo. Ni dai 'yan kallo na gani a cikinsa. Alassane ya juya kamara ya ɗauki masu zama kan benci, irin su babana, ya nuna abin da suke fita da shi bayan an kashe fitila: tafiya, kallo, yadda ake karkata hula. Inda fim ɗin ya gaza a wurina shi ne ɓangaren dattawa. An ba samarin duk armashin, su kuwa tsofaffin sai ɓacin rai, har mai kallo ya ji ya fi son ɓarayin.

Abin ya dame ni ne saboda aikina. Duk ranar da na buɗe layi a rediyo kan tarbiyya, sai dattawa su yi ta kira, wai fina-finan Kano da TikTok sun lalata yara, a zamaninsu silima ba ta ɓata kowa ba. Masu wannan magana su ne sa'o'in Jimmy ko ƙannensa.

Na kai wa babana fim ɗin a waya. Ya kalla shiru har ya ƙare, sannan ya ce Black Cooper bai iya riƙe bindiga ba, Django nasu ya fi shi. Da na tambaye shi ko su ma sun taɓa satar doki, sai ya ce in miƙo masa buta, la'asar ta yi.