Bayan An Yi Harbin: Kare Fim ɗin Kaboyi daga Masu Zarginsa

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a majalisu tsakanin Batsari da Safana, har ta fara shiga bakin 'yan boko: wai finafinan kaboyi ne suka fara koya wa yaranmu cewa namiji shi ne mai bindiga, saboda haka abin da ke fitowa daga dajin Rugu a 'yan shekarun nan girbin abin da talabijin ta shuka ne. Mai maganar yakan zo da hujjarsa a ɗaure: doki ya koma babur, malafa ta koma rawani, satar shanu kuwa ko suna ba ta sake ba. Magana ce mai daɗin ji, amma ba ta jure lissafi. Yawancin yaran da ke cikin dajin nan an haife su ne bayan kaboyi ya bar akwatin talabijin, lokacin da Indiya da Canis da finafinan Hausa suka gama mamaye gidajen kallo, kuma da yawansu sun tashi a rugagen da talabijin ba ta taɓa zuwa ba. Waɗanda suka kalli kaboyi da gaske su ne dattawan yau, tsofaffin malaman firamare da malaman gona, mutanen da aka raba da gonakinsu. Irin wannan zargin aka taɓa ɗora wa mawaƙa irin su Gambu da Kassu Zurmi, sai ka ce kafin su fara waƙa ba a taɓa fasa rumbu ba a ƙasar Hausa.

Tarihin ba mai tsawo ba ne. A 1937 aka buɗe silimar Rex a Kano, kuma kaboyi na cikin abin da Kwarori masu gidajen silima suka dogara da shi, kafin finafinan Indiya su ƙwace kasuwa. Talabijin ta Kaduna ta fara aiki a 1962, a 1977 kuma NTA ta haɗe tashoshin ƙasa a ƙarƙashinta. Mu a ƙauyenmu na Karare abin ya iso mana a makare: akwati baƙi-da-fari, batirin mota da ake kai wa caji Batsari, da eriya ɗaure a kan dogon gora. Ba ma jin Turanci, ba ma kuma buƙatarsa. Mun san ekta, mun san bos, mun san ekta ba ya mutuwa.

A can Amurka, a shekarar 1959 shirye-shiryen kaboyi sama da 20 ne ke takara a talabijin da dare. Gunsmoke ya shekara 20, daga 1955 zuwa 1975, ya tara kashi 635. Bonanza ya tara 431. Wanda nake son kafa hujja da shi kashi 13 kacal ya yi, kowanne na rabin sa'a. Sunansa The Westerner, Sam Peckinpah ne ya ƙirƙiro shi, tashar NBC ta fara nuna shi ranar 30 ga Satumba 1960, wato jajibirin samun 'yancin kan Nijeriya, ta rufe shi ranar 30 ga Disamba. A daren da aka fara nuna shi, a wannan sa'a, tashar ABC ta ƙaddamar da katun ɗin The Flintstones, Amurkawa kuma suka zaɓi katun. Ni a waya na same shi, bayan furfura ta fara fito mini, amma shi ne ya bayyana mini abin da muke kallo muna yara ba mu sani ba.

Ektan shirin, Dave Blassingame, wanda Brian Keith ya fito a matsayinsa, ba shi da gona, ba shi da garke, karatu ma da ƙyar. Abin da ya mallaka doki ne, da bindiga, da wani kare mai suna Brown wanda ba ya jin magana. Yana yawo yana kiwon shanun wasu a biya shi, ya shanye kuɗin, ya ƙara gaba. Yana burin wata rana ya mallaki ɗan fili nasa, mai kallo kuma ya san ba zai mallaka ba.

To, ga dabarar da ta sa nake fifita shi. A kaboyi na yau da kullum, harbi shi ne ƙarshen zance. Bos ya faɗi, kiɗa ya tashi, ekta ya mayar da bindiga kube, a yanke hoto a sa talla. Ba a nuna maka wanda ya faɗi yana numfashi, ba a nuna wa zai ɗauke shi. Peckinpah da abokan aikinsa sai suka ɗauke nauyin labarin daga kan harbin suka aza shi a kan abin da ke biyo baya. Kyamara ba ta gudu. Tana tsayawa har mai kallo ya fara jin kunyar tafin da ya yi niyyar yi.

Kashin da ya fi nuna haka shi ne Hand on the Gun, wanda Peckinpah ya ba da umarni da kansa. Wani saurayi ɗan birni daga gabashin Amurka, wanda labaran 'yan bindiga suka cika masa kai, ya liƙe wa Dave da abokinsa mutumin Meziko, suna sana'ar kama dawakan daji. Ya matsa sai an koya masa zaro bindiga da sauri. Aka koya masa, hannunsa ya faɗa, sai girman kai ya shige shi, ya fara raina mutumin Meziko saboda asalinsa. An ba shi hanyar janyewa, ya ƙi. Duk wanda ya saba da kaboyi ya san inda aka dosa: titi, mutum biyu, shiru. Abin da bai saba gani ba shi ne harsashin ya sami yaron a ciki, bai mutu nan take ba. Yana nan a ƙasa riƙe da cikinsa, fuskarsa cike da mamakin cewa abin yana da zafi haka, su kuwa mutanen biyu suka hau dawakinsu suka tafi. Babu wanda ya yi murna. Wanda ya yi harbin bai ƙaru da komai ba, Dave kuma ya san da hannunsa a ciki, tunda shi ya koyar.

A lura da wanene wannan yaro. Mai kallo ne. Shi ne mutumin da ya ɗauki labari a matsayin gaskiya ya fita da shi titi. Wato abin da masu zargi ke faɗa yau a majalisa, fim ɗin kaboyi ya riga su faɗa tun 1960, ya kuma fi su iya faɗa, don su hujja suke kawowa, shi kuwa ciwon ya nuna.

Kashi na farko, Jeff, ba bindiga ce ke yanke hukunci a cikinsa ba, amma ginin ɗaya ne. Dave ya yi doguwar tafiya don ya ceto wata yarinya da ya sani tun tana ƙarama, wadda yanzu take gidan giya a hannun wani tsohon ɗan dambe Bature da ke ci da ita. Aka gwabza, dambe marar kyan gani, na mutanen da suka gaji suna haki, Dave ya yi nasara. A kowane shiri na zamanin, nan za a ɗora yarinya a bayan doki. Ita kuwa ta ƙi tafiya. Nasarar ƙarfi ba ta taɓa abin da ya ɗaure ta ba ko kaɗan, sai Dave ya fita shi da karensa. Tashar da ke neman masu kallo a daren farko ba haka take so a buɗe mata shiri ba, kuma ban yi mamakin yadda aka ƙare ba. A Line Camp kuwa, makiyayan haya ne a bukka cikin hunturu, zaman banza da giya suka haifar da gardama a kan abin da bai kai ya kawo ba, aka yi harbin shirme, mutum ya mutu a banza. Tom Gries, wanda ya rubuta kashin, shi ya faɗaɗa shi ya zama fim ɗin Will Penny a 1968.

Na san masu cewa Bonanza ne sarki. Bonanza shirin masu gida ne: uba attajiri da 'ya'yansa uku a kan ƙasar da ba a ganin iyakarta, kullum su ne masu gaskiya. Yana da daɗin kallo, ba ya da abin koyarwa. Masu son Django na 1966 da sauran kaboyin Italiya, inda gawa ke zuba ba a ƙirgawa, su ne kawai nake ganin zargin majalisa ya ɗan shafa. Masu cewa Peckinpah mashayin jini ne saboda The Wild Bunch na 1969 kuwa, ba su lura ba cewa jan hoton mutuwa a hankali da ya yi a can, dabarar nan ce ta ƙin kawar da kai, ya samu kuɗi da launi ya faɗaɗa ta.

Hujja mafi ƙarfi da masu zargi za su iya kawowa tana maƙwabta, ba su ma san da ita ba. A 1966 Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya zauna a Tawa ya kuma rasu a 2015, ya yi gajeren fim mai suna Le Retour d'un aventurier. Wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka sake sunaye, har da Zalika Souley a matsayin Sarauniya Christine, suka addabi ƙauyensu, daga baya suka juya wa junansu. Ga kwaikwayo ya zama masifa, a ƙasar da ba ta da nisa da Jibiya. Amma Alassane masoyin kaboyi ne, da kayan aikin kaboyi ya yi gargaɗin, kuma abin da ya nuna samarin sun ɗauko shi ne hula da takalmi. Labarin da ke ƙarƙashin hular sun baro shi a can.

Wannan labari kuwa namu ne, shi ya sa dattawan Karare da ba su taɓa shiga aji ba suke gane shi ba tare da tafinta ba. Fim ɗin kaboyi labarin kiwo ne, da ruwa, da hanyar shanu. Kaboyin gaske makiyayin haya ne, da yawansu baƙaƙen fata ne da mutanen Meziko, suna kora shanu daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa. A 1874 Joseph Glidden ya yi rajistar waya mai ƙaya, manoma da masu manyan filaye suka shinge daji, burtali ya toshe, aka fara zubar da jini a kan mashaya. A 1892, a gundumar Johnson ta jihar Wyoming, manyan masu shanu suka ɗauko hayar 'yan bindiga daga Texas, suka ba su jerin sunayen ƙananan mutane da suke zargi da sata. Aka kashe Nate Champion a bukkarsa, sojoji suka shiga tsakani bisa umarnin Shugaba Benjamin Harrison, a ƙarshe ba a hukunta kowa cikin maharan ba. Inuwar wannan rikici ce ke bayan fim ɗin Shane na 1953. Duk wanda ya san dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965, ya san abin da aka yi niyya da makiyayar Ruma-Kukar Jangarai, ya kuma ga yadda gonaki suka cinye burtali, ya ga zamanin da jerin sunaye ya isa a kashe mutum a kasuwa, ba ya buƙatar a yi masa sharhi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne Kannywood ta ɗauki rawa da waƙa daga Indiya, ta ɗauki faɗa daga Canis, ta tsallake wannan. Idan ta taɓa batun daji, sai ta ba mu bos mai dariyar mugunta da jami'in da ke zuwa a minti na ƙarshe, wato ta ɗauki mafi raunin kaboyi ta bar mafi ƙarfinsa. Dave Blassingame yana nan a ƙasar Ruma da Runka: yaron da ke kiwon shanun wani alhaji na birni, ba shi da ko maraƙi, bai yi boko ba, allonsa bai yi nisa ba, kuma wata rana wani zai miƙa masa bindiga. Manomin da ya shiga sa-kai bayan an ƙone masa rumbu shi ma yana nan. Duwatsu da fili da ƙura akwai su, dawaki ma ba su ƙare ba. Ba a buƙatar kashi 100 irin na shirye-shiryen da ake ja a YouTube har mai kallo ya manta farkon labari. Kashi 13 na rabin sa'a sun isa, in dai an samu daraktan da zai hana mai tace hoto yankewa bayan an yi harbin.