Jinjina ga Masu Gyaran Amsa-kuwwa na Gadarif

A Gadarif ta Sudan, garin dawa da riɗi, inda jikokin alhazanmu da suka yada zango a hanyar Makka suka kafu, akwai tsofaffin masu gyaran rediyo waɗanda haƙƙinsu yake kan duk wanda ya taɓa jin kiran salla daga amsa-kuwwa mai bawul.

Idan na'urar ta kama gunji kamar ƙudan zuma, alhali ba wanda ya yi magana, mu'allimin gyaran ba ya gaggawa, domin ya san illar galibi tana ga kwandensan da ke tace wuta, wanda zafin Sudan ya busar. Idan kuwa ya hangi cikin bawul, irin EL34, ya yi jajur kamar garwashi, sai ya ɗauko mita ya auna 'yar wutar da ke riƙe linzaminsa, ya daidaita ta bisa mizani, kafin taransifoma ta ƙone. Wannan tahaƙiƙi ne irin na malaman fiƙihu.

Ya ɗan'uwa, kada ka sa hannu a ciki, ko da an zare waya, domin kwandensa na iya riƙe bolt 400. Kai wa masu gyaran.